Ƙwan da Babana Ya Cire

Shekara ashirin da biyu babana yana zuwa gidan amininsa duk ranar Asabar, ya turo shi a keken guragu zuwa bakin ƙofa su sha iska, kuma duk tsawon shekarun nan akwai magana ɗaya a bakinsa da ya kasa furtawa. Ni ban san da ita ba sai a watan da likita ya ce wa iyalin aminin nan nasa su daina wahalar da shi da zaryar asibiti, su mayar da shi gida ya huta. Kowa ya fahimci abin da ake nufi. Lokaci ya ƙure wa babana, ko dai ya faɗa yanzu, ko ya rasa wanda zai faɗa wa.

Babana mai gyaran wayoyin mota ne. Rumfarsa ta kwano tana can ƙarshen gareji, tsakanin mai walda da mai fenti, saboda haka kullum yana cikin ƙara ta hagu da wari ta dama. Ba shi da kaya masu yawa: benci, batir biyu, akwatin ƙarfe mai cike da fiyus da guntayen waya, sai abin gwajinsa, wanda ƙwan fitila ne kawai aka ɗaura wa waya, bakinsa ɗaya ƙusa, ɗayan kuma ɗan maƙali da ake maƙalawa a jikin mota. Idan ƙusar ta taɓa inda wuta take, ƙwan ya kama. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne allon da ke bayan sitiyari, inda allurar gudu da ta mai da ta zafin inji suke, tare da ƙananan fitilun da ke yi wa direba gargaɗi. Motar da allurarta ta haukace, tana nuna tanki cike alhali ba ko ɗigo, ko wadda fitilunta ke kamawa gaba ɗaya idan an kunna sigina, wurinsa ake turo ta bayan ta gagari kowa.

A gareji Ƙirgau suke ce masa. Dalili kuwa, ko ham kawai ka kawo a gyara maka, sai ya fara shiga ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli rabi ba tare da ya tayar da inji ba, ya ƙirga fitilun da suka kama ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, leɓensa na motsi. Mai walda yakan leƙo ya ce, "Ƙirgau, sun cika ko an sace ɗaya?" Baba ba ya tanka masa. Masu mota na ƙorafi cewa yana da nawa, kuma gaskiyarsu ne. Aikin da wani zai yi a minti goma, shi sai ya kai azahar a kansa.

A gida ma ba mai yawan magana ba ne. Mama takan ce ya gyara wa duk gari fitila, amma makunnin kicin ɗinta ya shekara uku yana jan ta. Hannayensa duk tabon ƙuna, rigarsa na ƙaurin roba ko an wanke. Ni yake kira Uwata, kuma ni na fi kowa yi masa tsiwa, don na gado zafin Mama ban gado haƙurinsa ba. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a kansa: wani ɗan gwangwanin alewa da ke zama a aljihun gaban rigarsa. Ina ƙarama na taɓa ɗauka na buɗe, ina zaton zan samu alewa. Auduga na tarar, a cikinta ƙwan fitila guda, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Da ya kama ni bai dake ni ba. Karɓa ya yi, ya zauna a bakin gado yana kallon ƙasa, har na gwammace a ce dukan ya yi.

Aminin nasa kuwa Kawu muke ce masa, ko da yake babu jini tsakaninmu. Direban bas ne a da, mutum mai fito da barkwanci, tun kafin ya shigo layinmu muke jin fitonsa. Ina shekara goma sha ɗaya birki ya ƙwace masa a wata doguwar gangara da fasinja cike. Ya ga idan ya ci gaba za su faɗa cikin kasuwar da ke ƙasa, sai ya karkata motar ya buga ɓangarensa a jikin gini. Fasinja suka fita da raunuka, babu wanda ya mutu. Shi kuwa bayansa ya karye, bai ƙara takawa ba. Tun daga makon da aka sallame shi Baba ya fara zuwa ranar Asabar, kuma ban taɓa ganin ruwa ko ciwo sun hana shi ba.

Yanzu Baba ya tsufa. Hannunsa na rawa, idonsa ba ya raba jar waya da ruwan ƙasa, rumfar ma sai jefi-jefi yake leƙa ta. A wannan shekarar ce maigidana ya saya mana mota ta hannu. Ba mu yi sati biyu da ita ba wata jar fitila ta fara kamawa a allon, ta ƙi mutuwa. Na ce a kai wa Baba. Maigidana ya ce yana jin nauyin ya sa surukinsa kwanciya a ƙarƙashin sitiyari da wannan shekarun, ga shi kuma zai cinye mana yini guda. Na yarda da shi, don ni ma na san halin ubana. Maigidana ya kai ta wurin wani mai gyara kusa da wurin aikinsa, kafin ya gama shan ruwa an kashe fitilar. Har yabon mutumin muka yi a gida.

Ranar Asabar da safe muka je ɗaukar Baba mu kai shi gidan Kawu, tunda ƙafarsa ta fara gajiya da hawa motar haya. Ya shiga gaba, ya yi mana fatan alheri da sabuwar mota, sannan ya ce wa maigidana, "Kashe ta. Murɗa rabi."

Na ce, "Haba Baba, yau ma? Kawu na jira."

Bai ko kalle ni ba. Ya sunkuyo, ya kusanto da fuskarsa, ya fara nuni da yatsa. Batir, man inji, inji, bel ɗin kujera, ƙofa, zafi. Ya tsaya. Ya sake ƙirgawa daga farko.

"Ja hambirki," ya ce.

Maigidana ya ja. Babu abin da ya ƙaru a allon.

"Sake shi. Sake ja." Nan ma babu komai. Sai ya juyo a hankali ya ce, "Wa ya taɓa motar nan?"

Maigidana ya yi masa bayani cikin ladabi, yana sosa ƙeya. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce da ni in shiga ɗaki in ɗauko akwatinsa. Na fara mita cewa rana na yi, ya ce, "Uwata, motar nan ba za ta motsa da ke a ciki ba." Yadda ya faɗa ya sa na haɗiye sauran maganata.

Sukurori huɗu ne ke riƙe da allon. Hannunsa ya kasa tsayar da sukudireba, sai ni na kwance su, yana gaya mini wanne zan fara. Muka jawo allon waje a hankali, muka juya bayansa. Ya bi ramukan ƙwayayen da yatsa kamar makaho, har ya kai ga ɗaya da babu komai a ciki. An murɗe ƙwan an jefar. Ya laluba akwati ya ɗauko sabo ya sa, maigidana ya murɗa makulli, jar fitilar birki ta kama. Aka sauke hambirki, ba ta mutu ba.

"Abu uku ke kunna ta," Baba ya ce, da ni yake magana amma allon yake kallo. "Hambirki idan yana sama. Man birki idan ya yi ƙasa. Ko kuma wayarta ta goge ta taɓa ƙarfen mota. Buɗe bonet."

Da kansa ya je ya buɗe murfin ɗan kofin man birki, ya tsoma tsinke ya fito da shi ya kai kusa da idonsa. Man cike yake. Duk da haka sai da ya sa maigidana ya taka birki ya riƙe, ya tambaye shi ko yana nutsewa, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa bayan kowace taya yana neman jiƙa. Babu. Sannan ya zare soket ɗin da ke jikin kofin, ya ce in duba. Fitila na nan. Ya dawo ciki, muka ɗaga robar da ke rufe hambirki, ya zare wayar ɗan makunnin da ke gindinsa. Fitila na nan.

"To yanzu ne mutum zai ce waya ce," ya ce.

Nan aikin ya yi tsawo. Ni nake karanta masa launin wayoyi, shi yana riƙe da su a ka. Ya ce in nemo mai launin toka da jan zare a soket ɗin bayan allon. Na same ta. Ya sa muka zare soket ɗin, ya maƙala abin gwajinsa a kan batir, ya ba ni ƙusar na ɗora a bakin wayar. Ƙwan gwajin ya kama, alamar wayar tana taɓa ƙarfe a wani wuri. Ya ce in riƙe kar in motsa, in zuba wa ƙwan ido. Shi kuma ya kwanta a gefe, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, yana bin damin wayoyin yana girgiza su kaɗan-kaɗan. Ina jin numfashinsa na fita da ƙyar. Zufa ta jiƙa masa wuya. Raina ya ɓaci da shi, da mu, da wanda ya ƙera motar. Da hannunsa ya kai bayan rediyo, sai ƙwan ya ƙifta.

"Baba, ya ƙifta!"

"Na nan?"

"Na nan."

Wanda ya sa wa motar sabon rediyo tun kafin mu saya ya ɗaure shi da dogon sukuru, bakin sukurun ya huda damin wayoyi ya ci rigar wayar. Baba ya janye ta, na naɗe masa da salatif, muka mayar da komai. Aka ja hambirki, fitila ta kama. Aka sauke, ta mutu.

Maigidana ya yi ajiyar zuciya, ya yi murmushi, ya faɗi abin da ni ma yake raina. "Ashe dai waya ce, Baba. Mutumin nan ma haka ya ce, waya ce kawai."

Ban taɓa jin babana ya ɗaga murya ba sai ranar. "Ya sani? Ya buɗe kofin? Ya leƙa taya? Dace ya yi! Ya cire wa mota baki ya ba ka ita ka ɗauki 'yata da jikokina!" Mama ta fito da ludayi a hannu, ta ga fuskarsa, ta koma ciki. Maigidana ya durƙusa yana ba da haƙuri. Baba ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya zaro gwangwanin nan daga aljihu ya buɗe ya ajiye a gwiwarsa.

"Na motar Kawunki ne," ya ce.

Ya ba mu labarin yana kallon ƙwan. Da safen ranar haɗarin Kawu ya kawo masa bas ɗin, ya ce jar fitila tana damunsa, idan ya shiga gargada ta ƙifta, idan ya hau titi mai kyau ta mutu, fasinja har sun fara tambaya. "Duk mai sana'armu ka ce masa fitila na ƙiftawa a gargada, zai ce maka waya ce ta saki," Baba ya ce. "Haka aka koya mana, kuma sau tara cikin goma haka ne." Ya duba makunnin hambirki, ya fito da allon, ya girgiza kowace waya, awa biyu bai ga komai ba. Layin Kawu a tasha ya kusa zuwa. Sai Baba ya murɗe ƙwan ya jefa a aljihu, ya ce masa ya dawo gobe a nema da kyau.

"A irin bas ɗin nan kofin man birki yana nan gefen dashbod. Bai kai kamu biyu daga hannuna ba, Uwata. Ban buɗe ba. A tunanina wannan aikin bakanike ne, ni mai waya ne." Man ne ya yi ƙasa. Akwai wani ɗan abu da ke yawo a samansa, idan mota ta girgiza ya nutsa sai fitila ta kama. Bayan haɗarin Baba ya je inda aka jawo motar, ya tarar da bututun birki a tsage, kofin ƙaf. "Ƙwan nan gaskiya yake faɗa. Ni na rufe masa baki."

Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, kuma na ji haushinsa. Na ce, "Baba, shekara ashirin da biyu? Kawu bai sani ba?"

"Duk Asabar da niyyar faɗa nake fita."

"To yau Asabar ce," na ce. Tsiwata ce ta fito, ban yi niyya ba. Ya ɗago ya kalle ni, sannan ya rufe gwangwanin ya miƙe.

Mun tarar da Kawu a gado, an jingina shi da filo biyu. Ya rame har zoben hannunsa na yawo. Ɗakin na warin man zafi, ƙaramar fanka mai aiki da batir tana juyawa a kan kujera. Matarsa ta kawo mana ruwa ta fita, maigidana ya tsaya a tsakar gida. Na tashi zan bi su, Baba ya ce in zauna.

"Ƙirgau, yau ka makara," Kawu ya ce. "Ko ka tsaya ƙirga fitilun kan titi ne?"

Baba bai yi dariya ba. Ya jawo kujera, ya buɗe gwangwanin ya ɗora a kan bargo, ya faɗi duk abin da ya faɗa mana, bai rage ko ɗaya ba, har da kamu biyun. Da ya gama ya ce, "Direba, ni na sa ka a keken nan. Ka yafe mini, ko kar ka yafe, amma ga shi ka sani."

Kawu ya ɗauki ƙwan da yatsu biyu ya juya shi.

"Ka manta ni na riƙe maka sukurorin ranar?" ya ce. "A gabana ka cire shi."

"Amma ba ka san abin da yake nufi ba."

"Kwana uku kafin nan birkin ya fara nutsewa. Sai na taka sau biyu yake kamawa." Ya numfasa. "Ban gaya maka ba, don na san ka. Da ka karɓe makullin ka hana ni fita. Ni kuma ina son in yi lodi. Na zo maka da maganar fitila, na bar maganar ƙafata a ciki."

Ni dai hawaye kawai nake yi, ban ma share ba.

"Wannan bai mayar da ƙwan ba," Baba ya ce can.

"Bai mayar ba. Nawa ma bai goge naka ba, naka bai goge nawa ba. Allah ya yafe mana duka." Kawu ya juyo da kansa a kan filo, ya zuba wa Baba ido. "Abu ɗaya nake son in sani, kuma kar ka yi mini kara. Asabar ɗin nan da kake zuwa. Don ni kake zuwa, ko don wannan?"

Na so Baba ya yi saurin cewa don kai ne. Kowa haka zai ce wa mara lafiya. Amma babana ba ya cewa waya ce sai ya duba.

"Da farko don shi ne," ya ce. "Shekarun farko ko kallon ƙafarka ba na iya yi. Daga baya ban san ranar da abin ya juya ba. Na dai san idan Juma'a ta yi ina tara maka labarin gareji."

Kawu ya gyaɗa kai. "Har yanzu yana kamawa?"

Baba ya ce bai taɓa gwadawa ba. Ya zare wayoyin fankar daga kan batir, ya karɓi ƙwan, amma hannunsa ya ƙi tsayawa. Sai Kawu ya riƙe ƙwan, Baba ya riƙe wayoyin, suka yi ta kuskuren juna kamar masu zura zare a allura. A karo na huɗu ƙwan ya kama, ɗan haske rawaya a tsakanin yatsun Kawu. Ya tattara leɓensa zai yi fito, iska kawai ta fito.

Baba ya miƙa hannu zai karɓa. Kawu ya dunƙule hannunsa ya tura ƙarƙashin filo.

"Bar shi a nan," ya ce. "Ɗaukarsa da ka yi ta isa haka. Mu gani ko za ka dawo ranar Asabar."

Asabar biyu suka rage wa Kawu a duniya. Duka biyun ni na kai Baba. Yakan shiga mota ya ce in murɗa rabi, ya ƙirga bakwai, sannan mu tafi. Aljihun gaban rigarsa a shafe yake, babu komai a ciki. Ya zauna a gefen gadon tun hantsi, yana ba Kawu labarin mai walda da wata mota da allurarta ke tafiya da baya, har Kawu ya yi barci, kuma ko da ya yi barcin Baba bai tashi ba sai da rana ta yi sanyi.